Ni Na Sa "Babu" a Bakin Mahaifina

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ina roƙonku ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina. Shawara nake nema.

Ina cikin motar haya daga Gezawa zuwa Kano, mun kusa shiga gari, sai matata ta kira ni. Ba ta yi sallama ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Baban Ummi, ka sauka ka juyo. Goggo ta rasu." Dattijon da ke kusa da ni ya ji maganar ta cikin waya, shi ya riga ni cewa Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zan faɗa muku gaskiyar abin da ya fara zuwa zuciyata, ko da yake ina jin kunyarsa. Ba addu'a ba ce. Wani ɗan sauƙi na ji, na cewa yanzu ba za ta ƙara tambayata ba. Bayan wannan ne tsoro ya sauko min, kuma har yau bai tashi ba.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, a ƙauyen mijinta da ke wajen Ɗanbatta, har na gama firamare na koma gidan Baba. Sana'arta daddawa. Da ita ta ɗinka min kayan makaranta, da ita ta riƙe gidanta bayan mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, Haruna. Mahaifina kuwa malami ne, yana karantar da manya da yara a zaurensa, shi ne limamin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni.

Sai na yi wa mutanen birni bayanin wani abu, don in ba haka ba ba za ku gane laifina ba. A wajenmu gona daban, itacen da ke cikinta daban. Kana iya mallakar ƙasa, ɗorawar da ke tsakiyarta ta wani ce, kuma ba za ka tsinki ko ƙwaya ɗaya ba sai da izininsa. Da kakanmu ya rasu aka zo rabon gado, Goggo ta ce ita ba za ta iya zuwa noma daga garin aurenta ba, a ba ta itatuwan ɗorawar da ke gonar bakin hanya a cikin rabonta, ƙasar ta zama ta Yayanta. A gaban malamai aka yi. Ba a rubuta ba, don ba wanda bai sani ba. Ko yaro ka aika ka ce "gindin ɗorawar Goggo" ya san inda zai je. Duk bazara takan zo da doguwar ƙugiyarta ta yi kwanaki a gidanmu, a kaɗo ɗorawa, a fitar da gari, a wanke kalwa, ta koma da buhunanta. A kwanakin nan ita da Baba sukan zauna a tsakar gida suna tsokanar juna kamar yara. Yana ce mata mai warin daddawa, tana ce masa, "To Malam, yau a yi maka miya ba ita, mu ga ko za ka iya kai loma."

Ni karatuna bai yi nisa ba. Sakandare na gama, na koyi kwamfuta a wani shagon buga takardu a Gezawa, daga nan wani injiniya a Kano ya ɗauke ni. Shi ke rubuta abin da ke sa manhaja ta yi aiki, ni ban iya wannan ba. Nawa shi ne in tsara yadda kowane shafi zai fito a waya, in jera tambayoyi, in sa su cikin Hausar da kowa zai gane, in gwada. A gida abin da aka sani kawai shi ne ina aikin kwamfuta a birni.

Wata rana wani Alhaji mai sayen gonaki yana yanka su fuloti ya kawo mana aiki. Damuwarsa ita ce biyan kuɗi. Yana biya kashi-kashi, kafin alƙalami, sai rabi, sai ciko, kuma tsakaninsa da masu gona akwai dillalai da yaran ofis, wani a biya shi sau biyu, wani ya ce bai ga komai ba. Yana son manhajar da za ta riƙe kowace gona da hotonta da sunan mai ita da abin da aka ba shi da abin da ya rage. Gonar da ba a fara biya ba ta fito ja, wadda ake ciki ta fito ruwan ɗorawa, wadda aka gama ta zama kore. Da zarar ta yi kore, katafila na iya shiga. Injiniya ya ce min, "Kai ne ɗan ƙauye, kai ka san harkar gona. Zauna ka tsara mana tambayoyin."

Wallahi da farko na yi aikin tsakani da Allah. Na sa tambaya babba kafin a kai ga biya: shin akwai wani mai haƙƙi a wannan gona ban da mai sayarwa? A ƙarƙashinta na jera abin da na sani: gadon da ba a raba ba, jingina, aro, itacen wani, hanyar shanu, kabari. In aka danna "Akwai", kuɗi ba zai fita ba sai an nemo mutumin an daidaita da shi. Na yi alfahari da shafin nan. Sai aka fita gwaji, kusan kowace gona ta tsaya cak. Wannan akwai ƙanwa a gidan aure, waccan an jinginar da rabinta, waccan tsamiyar ta maƙwabci ce. Alhaji ya zo ofis ransa a ɓace. Ya ce, "Na biya ku ku kwance min ƙafa, kun ƙara min dabaibayi. Wannan yaron ƙauyensu ya kwaso ya zuba min a waya?" Injiniya ya ce to a cire tambayar. Lauyan Alhaji ya ce a'a, dole ta fito a takardar da mai gona zai sa wa hannu, ita ce kariyarsu gobe. Ba wanda ya tambaye ni. Ni da bakina na ce, "Ranka ya daɗe, a bar tambayar, amma a mayar da ita can ƙasan shafi, amsar ta zauna a kan 'Babu' tun farko. In yaron da ya je gona ya ga da matsala, sai ya canza."

Na san yaran nan ba za su gangara ƙasan shafi ba. Ana biyansu ne bisa yawan gonakin da suka rufe. Wa zai nemo wa kansa abin da zai tsayar da shi? Na sani, kuma na faɗa. Alhaji ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce, "Ashe ɗan ƙauyen nan da kai." Ranar na koma gida ina jin daɗi. Wannan jin daɗin shi ne abin da na fi kasa yafe wa kaina.

A lokacin ina ganin gonakin gefen birni ne, na mutanen da ban sani ba. Kamar mutanen da ban sani ba ba su da 'yan'uwa. Bayan an gama aikin muka ci gaba da kula musu da manhajar, ina ganin sunayen ƙauyuka suna matsowa ta hanyarmu ɗaya bayan ɗaya, har ranar da na ga sunan garinmu. Maƙwabtan gonar Baba duk suka sayar, aka bar ta a tsakiya, shi ma ya ga ba yadda zai yi. Ban gaya masa ina da hannu a aikin ba, don a lokacin mutanen gari sun fara tsine wa masu sayen, ina tsoron a ce ɗan liman ne ya kawo su. Na ce a raina zan yi wa Injiniya magana a gyara ta gonarmu ita kaɗai. Na ga ta fito ja, na ce da sauran lokaci. Ta koma ruwan ɗorawa, na ce gobe. Me zan ce masa? In ce dabarar da na kawo ba ta da kyau, amma a kan gidanmu kawai? Ina wannan jinkirin na buɗe kwamfuta wata safiya na tarar ta yi kore.

Baba bai aika wa Goggo ba, domin a saninsa wanda ya sayi ƙasa shi zai je ya nemi mai itace su yi nasu cinikin, haka ake yi tun kakanni. Ya ce ya gaya wa yaron da ya zo da waya cewa ɗorawar ta ƙanwarsa ce, yaron ya ce, "Ba damuwa Malam, za a zo daga baya," ya miƙa masa wayar ya sa hannu da yatsa, da ajami. Daga baya katafila ce ta zo. Baba yana zaure yana karatu aka zo aka gaya masa, kafin ya isa an kwantar da itatuwan duka, masu itacen wuta har sun fara sara. Ya dawo ya rasa bakin da zai aika mata da shi. Yana ta neman ranar da zai je da kansa, Goggo kuma da bazara ta yi, ta sauka a bakin hanya da ƙugiyarta, ta tarar da fili fetal da turakun siminti.

Haruna mutum ne mai zafi. Ya tafi ofishin Alhaji ya yi ta hayaniya har aka buga masa takardar. Ya kawo ta zauren Baba bayan la'asar, mutane cike, ya karanta da ƙarfi: mai gona ya tabbatar babu wani mai haƙƙi a ƙasar nan ko a abin da ke kanta. Ga sa hannun Baba a ƙasa. Jimlar nan ni na rubuta ta. Na tuna har yadda na yi ta juya kalmominta don ta yi daɗin karantawa. Ina zaune a wurin, a bakin ƙofa. Baba ya ce, "Ban faɗi haka ba. Ba wanda ya tambaye ni." Wani daga baya ya ce, "Malam, kwamfuta fa ba ta ƙarya." Goggo tana tsaye daga cikin soro, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, ni ce babu? Da ka ce min kana da buƙata, ai da na bar maka su. Amma ka ce babu ni?" Ta juya, ko ruwa ba ta sha ba, ta bar ƙugiyarta jingine a bangon gidanmu.

Me ya hana ni miƙewa a lokacin? Kalma nawa ce? Na buɗe baki, na dubi fuskar Haruna, na dubi mutanen da su ma an sayi gonakinsu, waɗanda ban san me aka binne musu a ƙarƙashin "Babu" ɗin nan ba, sai na fasa. Na yi shiru, aka watse.

Baba ya aika mata da kuɗi daga na gonar, ta dawo da su. Ya je da kansa, ta gaishe shi ta bayan labule kamar baƙo. Da damina ta faɗi ciwo ya kama ta, hawan jini aka ce. Na je duba ta da niyyar in faɗa mata komai, na yi ta maimaita maganar a kan babur har na isa. Na tarar da ita a kwance ta rame. Ta sa aka ɗauko min daddawa a ƙullin leda, ta ce ta tsohuwar kalwa ce, ita ce ta ƙarshe, in kai wa matata. Sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, kai ne ka san abin nan. Tsakaninka da Allah, kwamfutar nan tana yin ƙarya?" Ta ba ni ƙofa a buɗe. Ina ganin a idonta so take in ce eh, so take a dawo mata da Yayanta. Na ce, "Goggo, abin da aka sa mata shi take faɗa." Ta saki hannuna ta ce, "To. Haka na zata." Ba ƙarya na yi ba, amma na san yadda za ta fahimce shi, kuma na bar ta a haka. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Ranar jana'iza, da aka jera sahu, mutanen garin suka matsa wa Baba ya shige gaba, don shi ne babba kuma malami. Haruna ya tare shi. Bai yi ihu ba, a hankali ya ce, "Kawu, ka bari wani ya yi." Baba ya tsaya kaɗan, ya gyaɗa kai, ya koma sahun baya ya tsaya kusa da ni. A nan ya bi sallar har aka sallame.

Tun daga ranar mahaifina ya zama wani mutum. Ya bar limanci, ya ce wanda ake zargi da cin haƙƙin 'yar'uwarsa bai kamata mutane su bi shi salla ba. Masu zuwa karatu sun ragu, waɗanda ke zuwa ma sau da yawa sai ya sallame su. Ba ya cin miyar da aka sa wa daddawa, kuma ba wanda ya isa ya tambaye shi dalili. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ya fara yarda da takardar. Kwanan baya na same shi a zaure shi kaɗai, ya ce min, "Ka san tsufa. Wataƙila yaron ya tambaye ni, hankalina na kan kuɗi, na ce babu. Shaiɗan ba ya barin kowa. In haka ne, da wace fuska zan haɗu da ita?" Mutumin da bai taɓa cin ƙwandalar wani ba yana neman gafarar laifin da ni na yi, ni kuma ina zaune a gabansa ina cewa, "Allah ya kyauta, Baba."

Tsoro nake ji, jama'a, ta kowace fuska. Ina tsoron in faɗa wa Baba ya dube ni ya yi shiru, ko ya furta kalma ɗaya a kaina wadda za ta bi ni har kabari. Ina tsoron jikinsa ba zai ɗauka ba, a ce na kashe ƙanwa na bi da wa. Haruna ya ce zai kai magana kotu bayan an share makoki, kuma in ya san ni ne, ban san abin da zai yi ba, tare muka tashi a ɗaki ɗaya, na san zuciyarsa. Akwai takardar da na sa wa hannu a wurin aiki cewa ba zan fitar da sirrin manhajar ba, Alhaji kuma mutum ne mai hanya, ni ina da mata da 'ya ƙarama. Na gwada yi wa Injiniya magana, ya ce, "Kai ka kawo shawarar, kowa ya ji. In ta fashe, kai za ta fara ci. Ka yi wa kanka faɗa." Kuma manhajar tana nan tana aiki yadda na tsara ta. Yanzu sun nufi gonakin wajen Watari. Duk safiya in na buɗe na ga wata ta yi kore, sai in tambayi kaina ƙanwar wa ce a ƙarƙashinta. Sama da duka ina tsoron Allah. In Baba ya rasu yana ganin kansa azzalumi, wa zan nema ya yafe min? Wadda zan fara nema ta riga ta tafi.

Matata ba ta sani ba. Tana ganin baƙin cikin rasuwa ne ya hana ni cin abinci, tana ta ba ni haƙuri, kowane haƙurin kamar ana ɗora min dutse.

Don Allah malamai da iyaye da ke wannan shafi, ku gaya min. In fara da Baba ne, ko in sami wani dattijo ya shiga tsakani? In je wa Haruna kafin ya je kotu, ko in bari a kira ni can in faɗa a gaban alƙali? Akwai hanyar da zan wanke mahaifina ba tare da na rasa shi ba? Ni dai kaina ya ƙulle. Me zan yi?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, Baba ya kira ni ya ce, "Kai ka san birni, ka san harkar kwamfuta. Ka kai ni wurin mutanen nan. Ba rigima zan yi ba. Ina so a nemo min wanda ya tsara abin nan, in tambaye shi ko da gaske na faɗa. In ya ce na faɗa, sai in san abin da zan tuba a kai." Na ce masa to. Ya sa an wanke masa babbar rigarsa, an goge, tana rataye a ƙofar ɗakinsa. Har yanzu ban kai shi ba.